Ciwon Baya Daga Kaugama Zuwa Ɗakin MRI: Abin da Na'ura Ke Gani da Abin da Ke Ruɗar Mai Karanta Hoton

Idan kaka ta yi a ƙasar Haɗeja, aka shiga yankan shinkafa da jidon buhuna, akwai ƙorafin da ma'aikatan lafiya daga Kaugama zuwa Malam Madori da Auyo suka saba ji: baya ya riƙe. Wani a ƙugu ciwon yake tsayawa. Wani kuma sai ya gangaro masa ta ɗuwawu, ya bi bayan cinya har yatsun ƙafa, kamar an jona masa wayar lantarki. Hanyar da mai irin wannan ciwo ke bi sananniya ce. Zai fara da kemis, ya gwada ƙaho wajen wanzami, ya sha jiƙe-jiƙe, in abin ya ƙi ya nufi Babban Asibitin Haɗeja a yi masa hoton eksire. Idan likita bai gamsu ba, sai ya rubuta takardar MRI, kuma hanyar takan ƙare a Kano, tafiyar kusan kilomita 200 daga Haɗeja. Kuɗin mota, kuɗin kwana, da kuɗin hoton kansa, sau da yawa sai an ɗaga buhu ko an kai ɗan rago kasuwa.

Abin da mutum zai dawo da shi gida faifan CD ne da takarda mai layi goma zuwa ashirin cikin Turancin likitoci. A kan waɗannan layukan ake yanke shawarar ko a yi wa mutum aiki a baya, ko a ba shi magani ya koma gona. Don haka yana da kyau mai karatu ya san yadda hoton ke samuwa, yadda ake koya wa matasan likitoci karanta shi, da wuraren da fasahar take tuntuɓe.

Gammon da ke tsakanin ƙasusuwa

Ƙashin baya jerin gaɓoɓi ne: bakwai a wuya, goma sha biyu a saitin ƙirji, biyar a ƙugu, sai waɗanda suka manne da juna a can ƙasa. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai wani matashi da likitoci ke kira faifai, guda 23 ne a jikin mutum, kuma aikinsa aikin gammo ne. Tsakiyarsa laushi gare ta kamar kunun da ya huce, mafi yawanta ruwa ne. Gefensa kuma zobba ne na zare mai tauri, ɗaya bisa ɗaya, kamar zaren cikin tayar mota. Jijiyoyin jini ba sa shiga can cikin faifan babban mutum, abincinsa ta jikin ƙashin sama da na ƙasa yake tsatsowa, shi ya sa idan ya samu rauni warkewarsa ke da nawa.

Da shekaru ruwan yana raguwa, zaren yana tsagewa. In tsagar ta kai waje, laushin ciki ya tsarto ta baya, to a nan ne jijiyoyin da ke sauka ƙafa suke wucewa. Sama da kashi 90 cikin ɗari na irin wannan tsartuwa a ƙugu suna faruwa ne a faifai biyu na ƙarshe, waɗanda ake rubutawa L4-L5 da L5-S1. Sai a 1934 ne likitoci biyu a Boston ta Amurka, William Mixter da Joseph Barr, suka wallafa aikin da ya tabbatar wa duniyar likitanci cewa fashewar faifai na haddasa ciwon da ke sauka ƙafa. Yau kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma shi ne kan gaba a duniya wajen naƙasa mutane da hana su aiki.

Na'urori uku, idanu uku

Eksire, wanda Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, ƙashi yake gani. Faifai ba ya fitowa a cikinsa sam, sai dai a ga ratar da ke tsakanin gaɓoɓi ta matse a yi hasashe. Yana da amfani wajen gano karaya, gocewar gaɓa, ko ƙashin da cuta ta cinye. Amma wanda aka ce masa "hotonka lafiya lau" bayan eksire, ƙashinsa kawai aka wanke, ba a ce komai kan jijiya ba. Kuma hoton ƙugu ba banza yake ba wajen haskoki masu ratsa jiki: abin da mutum ke sha a ciki ya ninka na hoton ƙirji sau goma zuwa sama.

Na'urar CT, wadda Godfrey Hounsfield ya fara ɗaukar majinyaci da ita a Landan a 1971, eksire ce da ke zagaye jiki, kwamfuta ta harhaɗa hoton yanka-yanka. Tana da sauri, ta fi kowa nuna ƙashi, kuma ita ce mafita ga wanda ba zai iya shiga MRI ba.

MRI kuwa wata duniya ce daban, domin babu eksire a cikinta ko kaɗan. Abubuwa uku take amfani da su: maganaɗisu, igiyar rediyo, da lissafi. Jikin mutum cike yake da ruwa da kitse, kuma dukansu cike suke da ƙwayoyin haidirojin, waɗanda kowacce take kamar 'yar mitsitsiyar allurar kamfas. Idan mutum ya shiga cikin maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1.5, wato wajen ninki dubu 30 na maganaɗisun duniya, ƙwayoyin nan sai su karkata su bi layinsa. Sai na'urar ta harba musu igiyar rediyo a daidai zangon da suke amsawa, wanda a tesla 1.5 yake kusa da megahaz 64, ƙasa kaɗan da inda tashoshin FM ke farawa. Ƙwayoyin su kauce daga layi, a kashe igiyar, su dawo suna fitar da ɗan sigina. Eriyar da aka shimfiɗa ƙarƙashin bayan majinyaci ita ke kama shi. Saboda raunin siginan ne ake lulluɓe ɗakin gaba ɗaya da tagulla, don kada igiyoyin waje su shigo su ɓata hoto.

Ƙarar nan mai kama da injin niƙa da ke firgita mutane, wadda kan wuce desibel 100, daga wasu naɗaɗɗun wayoyi take fitowa. Ana kunna su ana kashewa cikin sauri domin a ɗan bambanta ƙarfin maganaɗisun daga wuri zuwa wuri, ta yadda kwamfuta za ta gane daga ina kowane sigina ya taso. Wannan dabara ce ta sa Paul Lauterbur da Peter Mansfield suka samu kyautar Nobel a 2003. Abin da ke fitowa daga eriya ba hoto ba ne, tarin lambobi ne, sai an bi da su ta lissafin Fourier sannan su zama abin da ido zai gane. Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar sarrafa sauti ya san wannan lissafin.

Maganaɗisun ba ya mutuwa ko an ɗauke wuta, ko da tsakar dare. A 2001 wani yaro ɗan shekara shida ya rasu a jihar New York bayan na'urar ta fizgo tukunyar iskar oksijin ta buge shi. Tambayoyin da ake yi a bakin ƙofa ke nan ba cika takarda ba ne. A wannan yanki jerin ya haɗa da mai walda da tartsatsin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, maharbin da ke ɗauke da harsashi a jiki, mai na'urar bugun zuciya, da laya ko guru mai ƙarfe a ciki wanda mai shi ba zai ambata ba sai an tambaye shi da ladabi.

Yadda ake koyon karatun hoton

Likitan hoto likita ne cikakke da ya ƙara shekaru yana samun horo a asibitin koyarwa, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana rubuta jarrabawa mataki-mataki ƙarƙashin Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko takwararta ta likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma. Daban yake da mai ɗaukar hoton, wanda shi ke sarrafa na'ura, kuma Jami'ar Bayero na yaye irinsu. Mutane kan haɗa su wuri guda, alhali hoton da aka ɗauka a karkace, ko ƙwararre bai iya gyara shi da ido.

Darasin farko shi ne bambanta nau'o'in hoton. A wanda ake kira T1, kitse ne ke haske, ruwa ya yi duhu, kuma da shi ake duba ɓargon ƙashi. A T2 ruwa ne ke haske. Lafiyayyen faifai a nan fari yake fitowa, wanda ya bushe kuma baƙi, ruwan da laka ke iyo a ciki ya yi fari tas ta yadda duk abin da ya tokare shi zai bayyana. Na uku, STIR, yana kashe hasken kitse domin kumburi ya fito fili. Wannan na ukun shi ne wanda bai kamata a tsallake shi a asibitocin Arewa ba, dalili na nan tafe.

Darasi na biyu ƙirga ne, kuma ya fi yadda ake zato wuya. Wasu mutane an haife su da gaɓar ƙugu ta ƙarshe a manne da ƙashin ƙasa, wasu kuma da kamar gaɓa shida. In mai karatun hoto ya kira faifai L4-L5, likitan tiyata ya ƙirga ta tasa hanyar, ana iya buɗe wurin da ba shi ne ba. Rahoto mai kyau yakan faɗi yadda aka yi ƙirgar.

Sai kalmomi. Domin a daina kiran abu ɗaya da suna biyar, ƙungiyoyin likitocin ƙashin baya da na hoto a Amurka sun fitar da ƙa'idar suna a 2001, suka sabunta ta a 2014. Idan faifai ya bultso ta fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na kewayensa, kamar tayar da iska ta yi wa kaɗan, wannan bultsowa ce kawai, ba a lissafa ta cikin tsartuwa. Idan a wuri guda ya turo, gindin abin ya fi kansa faɗi, mataki na farko ke nan. Idan kan ya fi wuyan faɗi, kamar man goge baki da aka matso, mataki na biyu. Idan gutsuren ya rabu da uwarsa ya yi gaba, na uku. Akwai kuma ma'aunin Pfirrmann na 2001 mai hawa biyar don auna bushewar faifai, da rabe-raben Modic na 1988 masu nau'i uku don sauyin da ake gani a ɓargon da ke maƙwabtaka da shi.

Inda gwaninta take shi ne haɗa hoto da ƙafar majinyaci. Tsartuwa a L4-L5 da ta karkata gefe kaɗan jijiyar L5 take dannewa, kuma mai ita zai kasa ɗaga babban yatsa, silifas ya riƙa zame masa. Amma in ta fita can gefe, cikin ƙofar da jijiya ke fita, L4 za ta kama, ciwon ya koma gaban ƙwauri. Ta L5-S1 kan kama S1, ciwon ya bi dunduniya da gefen tafin ƙafa, mutum ya kasa ɗage. Idan hoto ya nuna matsala a dama, mai ciwo kuma yana nuna hagu, to ba a kama ɓarawon ba tukuna.

Hoton da ke tsorata mai lafiya

A 1994 mujallar likitanci ta New England ta wallafa binciken Maureen Jensen da abokan aikinta. Sun saka mutum 98 da ba sa jin ciwon baya ko kaɗan cikin MRI. Kashi 36 cikin ɗari ne kawai aka samu duk faifansu lafiya. Kashi 52 suna da bultsowa a wuri ɗaya aƙalla, kashi 27 kuma suna da tsartuwa ta matakin farko. A 2015 Waleed Brinjikji da tawagarsa suka tattara bincike 33 da suka shafi mutum 3,110 marasa ciwo. Sun samu alamun tsufan faifai a kashi 37 na 'yan shekara 20, da kashi 96 na 'yan shekara 80. Ma'ana, baƙin faifai a hoton dattijo ɗan shekara sittin da ya yi rayuwarsa da fartanya kusan furfura ce ta ciki.

Abu na biyu ya fi ban mamaki. Jiki yana cinye faifan da ya tsarto. Wani nazari na 2015 da ya tattara binciken da aka yi a baya ya nuna cewa gutsuren da ya rabu gaba ɗaya, wanda ya fi muni a ido, shi ya fi yawan raguwa da kansa, kashi 96 cikin ɗari, mai bi masa kashi 70, na matakin farko kashi 41. Dalili shi ne da zarar laushin ya fito fili, sojojin jiki suna ɗaukarsa baƙo su far masa.

Shi ya sa ƙa'idar da manyan ƙungiyoyin likitoci suka tsaya a kai take cewa kada a yi hoto cikin makonni shida na farkon ciwon baya, muddin babu alamar haɗari. Wannan magana tana da wuyar karɓuwa a wajen wanda ya saba jin cewa likitan da bai tura ka hoto ba bai duba ka ba. Sai dai rahoton da ya jero matsala a faifai huɗu ba tare da ya ce wacce ta dace da ciwon ba, illarsa ta fi amfaninsa. Mutum ya karanta, ko a karanta masa, ya yanke cewa bayansa ya lalace, ya daina motsi, kuma zaman ya ƙara masa ciwo.

Abin da fadama ke ƙarawa

Littattafan da matashin likita ke karantawa galibi an rubuta su ne a ƙasashen da ciwon baya ke nufin tsufa. A kwarin Haɗeja lissafin ya fi haka faɗi.

Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, kuma ƙashin baya ne wurin da cutar ta fi kamawa idan ta shiga ƙashi. Tun 1779 likitan Ingila Percivall Pott ya siffanta ta. A MRI tana da halinta: ta fi son inda ƙirji ya haɗu da ƙugu, tana fara cin gaban gaɓa, ta bi ƙarƙashin jijiyar da ke ɗaure gaɓoɓi ta tsallaka zuwa na gaba, ta tara mugunya mai yawa a gefe, kuma da farko takan bar faifan bai lalace sosai ba. Sauran ƙwayoyin cuta masu kawo mugunya kuwa faifan suke fara rugurguzawa. Tarkon da ke nan shi ne nau'in Modic na ɗaya, wanda kumburin tsufa ne kawai, yana iya kama da farkon cuta. Wanda ya kira tarin fuka tsufa ya sallami mutum da maganin kashe zafi har ƙashi ya rufta, doro ya fito, ƙafafu su mutu, alhali maganin tarin fuka kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati. A nan hoton STIR da allurar gadoliniyom ke biyan kuɗinsu, bayan an tabbatar ƙodar majinyaci lafiya take.

Makiyayi da ke shan nonon da ba a tafasa ba, ko yake karɓar haihuwar shanu da hannu, yana iya ɗaukar cutar da ake kira bakkale a dabbobi. Ita ƙugu take so, kuma takan ɓantare kusurwar gaba ta saman gaɓa. Masunci ko manomin rani da ke wuni cikin ruwan kwari yana tare da tsargiya, wadda aka fi sani da fitsarin jini, amma ƙwanta kan kai ƙarshen laka ya kumbura shi. Matashi ya zo da ciwon baya, raunin ƙafafu da matsalar fitsari cikin kwanaki kaɗan. Idan hoton bai hau sama ya kamo ƙarshen lakar ba, ko mai karatu ya tsaya kan faifai kawai, an wuce cutar da magani ke iya juyawa in an yi sauri. Ga kuma sikila, wadda ke lotsa tsakiyar gaɓoɓi har su yi siffar harafin H.

Duk wannan ya dogara ne da abin da aka rubuta a takardar turawa. "Ciwon baya, a yi MRI" ba ta gaya wa likitan hoto komai ba. Sana'ar mutum, zazzaɓin dare, rama, tsawon lokacin ciwon, da ƙafar da abin ya shafa, su ne ke sauya inda zai kai ido.

Akwai kuma alamomin da ba a jira da su ko kwana ɗaya: kasa yin fitsari ko kasa riƙe shi, mutuwar fata tsakanin cinyoyi da kewayen dubura, da raunin ƙafafu da ke ƙaruwa. Wannan na nuna an danne tarin jijiyoyin ƙasan laka, kuma sa'o'i ake ƙirgawa. Mai irin wannan asibitin da ke da likitan tiyata zai nufa kai tsaye, irin na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala.

Dalilin da na'urar ta yi nisa

Maganaɗisun tesla 1.5 naɗin waya ne da ke nutse cikin ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili. Na'urar gargajiya tana shan wajen lita 1,500. Akwai injin sanyaya da dole ya yi aiki dare da rana, in ya tsaya hiliyom ya fara tsiyayewa ta iska, kuma daga waje ake sayo shi da dala. Ke nan sayen na'urar shi ne ɓangare mai sauƙi. Riƙe ta na buƙatar wuta marar yankewa, janareto, batura, da injiniyan da zai zo in ta tsaya.

Wani bincike da Godwin Ogbole na Jami'ar Ibadan ya jagoranta ya ƙirga na'urorin MRI 84 a Afirka ta Yamma a 2016, 58 daga ciki a Najeriya, kuma 45 cikin 58 ɗin masu ƙaramin ƙarfi ne. An samu ƙari tun daga lokacin, ciki har da cibiyar gwaje-gwaje ta NSIA da ke harabar asibitin Malam Aminu Kano, wadda ta fara aiki a 2020. Masu ƙaramin ƙarfin ba abin rainawa ba ne. Maganaɗisunsu na dindindin ne, ba sa buƙatar hiliyom, kuma babbar tsartuwa ko mugunyar tarin fuka ba za ta ɓuya musu ba, sai dai hoton ya fi dishi-dishi kuma ya fi cin lokaci.

Kamfanoni sun fara juyowa ta wannan ɓangare. Philips ta fito da maganaɗisun BlueSeal a 2018, wanda aka rufe shi ruf da lita bakwai kacal. Siemens ta biyo da Magnetom Free.Max mai tesla 0.55 da ƙasa da lita ɗaya. Hyperfine Swoop, wadda ake turawa kan taya a jona ta a soket ɗin bango, ta samu izini a Amurka a 2020, amma kai kawai take ɗauka, ba ta da amfani ga mai ciwon ƙugu. Ga gari irin Haɗeja, na'ura mai matsakaicin ƙarfi da ba ta shan hiliyom, haɗe da sola da batura, ta fi ma'ana nesa ba kusa ba a kan mai tesla 3 da za a yi bikin buɗewa ta kwanta bayan shekara.

Ƙirƙirarriyar basira ta shigo ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce gyaran hoto: manhajar da aka horar tana cike giɓi daga bayanai kaɗan, a rage lokacin ɗauka. Aikin fastMRI da Facebook da asibitin Jami'ar New York suka fara a 2018 ya buɗe wannan fage, kuma yanzu manyan kamfanonin duk suna sayar da irin tasu. Ta biyu ita ce karatun hoton. A 2024 ƙungiyar likitocin hoto ta Arewacin Amurka ta sa gasa a dandalin Kaggle, inda aka nemi masu rubuta manhaja su auna matsewar hanyoyin jijiya a matakai biyar na ƙugu, kowanne a hawa uku. Matashin da ya iya Python a Dutse ko Kafin Hausa zai ƙaru sosai da nazarin wannan gasa. Amma ya lura da abin da aka tambayi manhajar: matsewa kawai. Babu tarin fuka a jerin, babu tsargiya. Manhajar da ba a koya mata abu ba ba za ta ce ba ta sani ba, za ta ba da maki ne ta wuce.

Faifan CD, WhatsApp da abin da ke salwanta

Hotunan asibiti suna da tsarinsu, DICOM, wanda ya tsaya da ƙafarsa tun 1993. Kowane fayil yana ɗauke da hoton da kuma bayanan da ke tare da shi: kaurin yanka, matsayinsa a jiki, nau'in ɗauka, sunan majinyaci. Da waɗannan ne manhaja ke iya nuna cewa wannan yanka na kwance ya yi daidai da wancan layi a hoton tsaye, a auna faɗin hanyar laka da milimita. Kowane ɗigo kuma yana iya ɗaukar matakan haske 4,096 ko fiye, wanda likita ke ƙarawa yana ragewa don ya ga abin da ya ɓuya.

Abin da aka saba yi kuwa shi ne a ɗaga fim a jikin taga, a ɗauka da waya, a tura wa wani likita ta WhatsApp. Hoton JPEG matakan haske 256 gare shi, manhajar ta ƙara matse shi, hasken taga ya shiga, kuma daga yanka sama da ɗari an zaɓi goma sha biyu. A haka ake neman ra'ayi kan ko a yanka bayan mutum.

Abin takaicin shi ne ainihin fayilolin ba su da nauyi. Yanka mai ɗigo 512 sau 512, kowane ɗigo bayit biyu, rabin megabayit ne. Yanka 150 sun kama megabayit 75, bai kai fim ɗaya da ake turawa ta Xender ba. Manhajar adana su ma kyauta ce. Orthanc, wadda Sébastien Jodogne ya fara fitarwa a birnin Liège na Beljiyam a 2012, tana gudana ko a kan Raspberry Pi. Weasis da OHIF na buɗe hotunan, na biyun a cikin burauza ma. Tsohuwar kwamfuta ɗaya, batirin sola da layin intanet sun isa a ce likita a Haɗeja ya buɗe cikakken hoton da aka ɗauka a Kano, ko likitan da ke koyo ya kwatanta hoton bana da na bara maimakon ya dogara da ambulan da ruwan damina ya jiƙa. Ga mai koyo kuma akwai Radiopaedia, rumbun misalai da likitan Ostareliya Frank Gaillard ya kafa a 2005, wanda mafi yawansa a buɗe yake.

Sai dai duk mai shirin haɗa irin wannan ya san cewa sunan majinyaci, shekarunsa da lambar asibitinsa suna cikin kowane fayil, ko da ba su bayyana a fuskar hoton ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Goge su da laburaren pydicom aikin layuka kaɗan ne, amma wasu na'urori kan buga sunan a jikin hoton kansa, wanda sai an bi da ido. Tura fayil ɗanye cikin zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu don neman shawara tona asirin mara lafiya ne, ko da niyyar ta alheri ce.

Shi kuwa majinyaci ko ɗan rakiyarsa, ya nemi cikakkun fayilolin DICOM tare da rahoton, kada ya tsaya kan fim kaɗai. Yawancin kwamfutocin hannu na yanzu ba su da wurin saka CD, don haka ya tafi da filashi sabo ya roƙi a kwafa masa, a buɗe a gabansa a tabbatar babban fayil mai suna DICOMDIR da jakar hotunan suna ciki kafin ya bar cibiyar.